SURAR BIRNIN KANO DAGA KAN DUTSEN DALA

Jawabin da magatakardan ɗakin shari'a ya yi wa taron ma'aikata a Dosara

 

An umurce ni in yi magana a gabanku, yaro kuwa ba ya buɗe baki gaban manya sai da izini, to, tun da an ba ni, ga abin da na zo da shi. Maganata a kan sura ɗaya ta ke, watau hoton birnin Kano wanda aka zana daga kan dutsen Dala cikin shekarar 1851, aka buga shi a ƙasar Turai. Wataƙila wani ya ce, mene ne haɗin kifi da kaska? Ina ruwan mutumin Dosara da hoton Kano? Amsa ita ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Juyin da ya sami Kano cikin shekara sittin, irinsa ya sami wannan kwari namu cikin shekara shida. Abin da ni ke so surar nan ta nuna mana kuwa guda ɗaya ne: duk abin da ba a rubuta ba kafin zamani ya juya, ba a samunsa bayan ya juya, talaka ne kuma ya kan biya kuɗin wannan sakaci.

Wanda ya zana ta

Mai zanen wani Bajamushe ne, sunansa Hainrik Bart, an haife shi a birnin Hambag cikin 1821, amma a ƙasashen nan Abdulkarim ya ke kiran kansa. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi tare da waɗansu Turawa biyu, su binciko ƙasashen da ke kudu da Hamada, su ƙulla alkawarin ciniki da sarakuna. Suka tashi daga Tarabulus cikin 1850. Abokan tafiyarsa duka biyu a ƙasar Barno suka mutu, shi kaɗai ya koma gida cikin 1855. Mutum ne mai jin Larabci, Hausa kuma ya koye ta tun yana bisa hanya.

Ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu 1851, zamanin Sarkin Kano Usman ɗan Ibrahim Dabo. Ya iso hannunsa babu kuɗi, ga bashi a wuyansa, zazzaɓi kuma ya kama shi. Duk da haka ran 10 ga watan, wanda ya yi daidai da watan Rabi'ul Sani na shekarar 1267 ta Hijira, ya hau Dala, ya fuskanci gari, ya zana abin da idonsa ya gane masa. Da ya koma Turai ya rubuta labarin tafiyarsa cikin littattafai 5, aka buga su da Jamusanci da Ingilishi tsakanin 1857 da 1858, surar Kano tana cikin na biyu.

Yadda aka buga ta

Ya kamata ku san cewa ba da na'urar ɗaukar hoto aka yi ta ba. Bart ya miƙa ɗan zanensa ga wani gwanin zane mai suna Barnats, wanda ke zaune a birnin Munik, shi ne ya gyara shi, ya cika masa inuwa da launi. Sa'an nan aka mai da shi bisa dutse, ta wata dabara da wani Bajamushe, Senefelda, ya gano cikin 1796. Ga yadda a ke yi. A kan sami falalen farin dutse a goge shi sumul, a yi zane a kansa da alli mai maiƙo. In an gama, sai a shafe fuskar dutsen da ruwan ƙaro wanda aka gauraya da wani ruwa mai cin dutse, shi a ke kira asid. Wannan ruwa ya kan kama inda babu maiƙo, ya bar inda zane ya ke. Sa'an nan a jiƙa dutsen, a bi shi da tawada mai mai, ita kuwa ba ta jituwa da ruwa, sai ta liƙe wa zanen kaɗai. A ɗora takarda, a danne, sura ta fito. Da dutse ɗaya a kan buga ɗaruruwa. Ƙaron nan fa irin wanda a ke ɗiba ne a jikin itacen dakwara, daga ƙasashen Baƙar Fata a ke kai shi Turai.

Ashe ke nan surar ta bi ta hannu uku: hannun wanda ya gani da ido, da hannun wanda ya kwafa, da hannun wanda ya buga. Barnats bai taɓa sa ƙafa Kano ba. Alkalai da muhutai sun san hukuncin irin wannan, shaida ce a kan shaida, a kan karɓe ta amma ba a kan rufe ido a kanta ba. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne, an rubuta sunan wuri da ranar wata a ƙarƙashinta, mai gani da ido kuma ya bar bayani a rubuce wanda za a gwada ta da shi. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Abin da ke cikinta

In ka haɗa surar da bayanin, ga Kanon da za ka gani. Gari ne na jar ƙasa, soraye da bukkoki a cuɗe, itatuwan dabino da gwanda da rimi da alilliba sun tsaya tsakanin gidaje, ga kududdufai lulluɓe da kainuwa, babbansu Jakara, ga filaye inda dawaki da raƙuma da jakai da awaki ke kiwo. Gidajen duka sun taru ne daga gindin Dala zuwa kudu, saura kuwa na abin da ganuwa ta kewaye gonaki ne. Magabata ba su bar filin nan don wauta ba, sun bar shi ne domin in maƙiyi ya kewaye gari a sami wurin noma, mutanen ƙauye kuma su sami wurin fakewa da dabbobinsu.

Bart ya kimanta mazauna birnin 30,000, amma daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ayari ke sauka, ya ce su kan kai 60,000. Arzikin garin a saƙa da rini ya ke. Ya lissafa tufafin da Kano ke fitarwa ko wace shekara sun kai na wuri miliyan 300, a lokacin da liyari ɗaya ke bakin wuri 2,500. Domin ku gane girman wannan, ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 ya isa ya riƙe iyali guda shekara ɗaya, ci da sutura. Ku raba ku gani, kuɗin tufafi kaɗai ya isa ya ci da gida 5,000. Turkuɗi da riguna da rawunan Kano suna zuwa Gat da Murzuk da Tarabulus, suna zuwa Tambutu, har bakin teku ta yamma. Goro na shigowa daga Gwanja, kanwa na ratsawa daga Barno zuwa Nufe, takalma da jar fata suna fita arewa. Wani abu kuma da ya ba shi sha'awa, shi da ya san masaƙun Turai inda a ke tara dubban mutane ƙarƙashin rufi ɗaya cikin wahala, shi ne a Kano ko wane masaƙi a gidansa ya ke aiki, cikin iyalinsa.

To, ga inda abin ya ke. Wanda ya dubi surar zai ce wannan gari bai san da Turai ba, alhali kuwa Turai tana cikin kasuwar Kurmi tun a ranar. Bart ya iske alawayyo na Mancesta, da alharini na Faransa, da duwatsun wuya na Fenis, da madubai da allurai na Nurambag, da ruwan takuba na Solingin, da takarda mai tambarin wata uku, irin wadda malamanmu suka kwafi littattafai a kanta. Duk bisa raƙuma suka ƙetaro Hamada. Zamani bai fara shigowa da igwa ba, da allura ya fara. Shi kansa mutumin da ke tsaye kan Dala da takarda a hannu yana cikin alamun, gama an aiko shi ne ya ƙidaya abin da ƙasa ke saye da abin da ta ke sayarwa. Mutanen da ke ƙasa suna rini da jima ba su san ana lissafa su ba.

Akwai kuma abin da surar ta ɓoye, gama daga nesa ko wane gari kyakkyawa ne. Ba ta nuna rumfar bayi ba, alhali Bart ya rubuta cewa bayin da a ke fitarwa daga Kano a shekara sun kusa 5,000, ban da waɗanda a ke sayarwa cikin ƙasa. Ba ta nuna zazzaɓin da kududdufan nan ke jawowa ba. Babba duka, ba ta faɗi sunan mai gida ko ɗaya ba, ko mai gona ko ɗaya. Kana ganin soro, ba ka san na wane ne ba, kana ganin fili, ba ka san inda iyakarsa ta tsaya ba. Hoto ya kan gaya maka akwai, rubutu ne ke gaya maka na wane ne.

Abin da ya biyo baya

Shekara 52 bayan zanen, ran 3 ga Fabrairu 1903, sojan Ingilishi suka ci Kano da igwa, ganuwar da ta tsare garin shekaru ɗaruruwa ba ta yi yini ɗaya ba. Sarkin Kano Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Rundunarsa tana komowa ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi, nan cikin ƙasarmu ta Zamfara, aka kashe Wazirin Kano Ahmadu. Ran 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Kasuwar bayi ta mutu. Cikin 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano, daga nan fa sai ƙasa ta juya fuskarta daga arewa zuwa kudu, fataucin Tarabulus ya yi ta ja baya har ya ɓace, sule da kwabo suka kori wuri. Turawa auduga suka yi tsammanin jirgin zai ɗauka, amma manoma da fatake suka yi lissafinsu suka zaɓi gyaɗa, har aka riƙa jera buhuna tsibi tsibi a bayan gari, aka sa musu suna dalar gyaɗa. Cikin 1925 jirgin sama ya fara sauka Kano. Cikin 1929 hanyar jirgin ƙasa ta kai Ƙaurar Namoda ta bisa Gusau, gyaɗarmu da audugarmu suka bi ta. Cikin 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta Kano ta kawo wa birni ruwan famfo da wutar lantarki.

Yau wanda ya hau Dala ba ya ganin gona, gidaje ne iyakar ganinsa, mutanen garin sun zama miliyoyi. Ganuwa ta zube a wurare da yawa, waɗansu wuraren an yi gini a kanta. Karofin Ƙofar Mata na nan, amma kaɗan daga cikin rijiyoyinsa a ke aiki da su. Dalar gyaɗa ma, wadda ita ce sabon abu a idon kakanninmu, ta zo ta wuce, dutsen da aka ara wa sunan kaɗai ya rage. Sabon abu na yau shi ne kufai na gobe.

Cikin wannan juyi duka akwai aiki ɗaya na ma'aikata wanda ya kamata a tuna. Tun farkon zamanin Turawa aka sa malaman taki su auna gonakin Kano da ƙafa, daga baya En'e ta kafa ofishin safiyo, aka zana taswirar gonakin gundumomin da ke kewaye da birni, ko wace gona da lambarta da sunan mai ita. Domin haraji aka yi, ba domin tausayin talaka ba, ba kuma dukan malaman taki ne suka riƙe amana ba. Amma duk da haka abin da surar Bart ta rasa shi taswirar nan ta kawo, watau suna da iyaka.

Namu juyin

Yanzu mu komo gida. Bart ya ratsa Zamfara cikin 1853, daga Katsina ya bi ta Zurmi da Badarawa, ya ƙetare dajin Gundumi, ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, sa'an nan ya wuce Wurno da Sakkwato da Gwandu. Ya ga audugar ƙasar da kasuwanninta, ya kuma ga yadda tsoron harin Gobirawa ya hana mutane sakewa. Bayansa kwarin nan namu ya ci gaba da zamansa yadda ya saba. Gulbi ya kan cika da damina ya malale fadama, a shuka shinkafa, in ruwa ya janye a yi noman rani a cikin laima, masunta su kama kifi a tafkuna, Fulani su sauko da shanu bayan girbi.

Cikin 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori bisa Gulbin Sakkwato, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, aka gama cikin 1978. Tafkin da ya taru ya rufe kamar hekta 8,000, aka kuma shirya ba gonaki kamar hekta 23,000 ruwa a ƙasar Mafara da Bakura. Niyya mai kyau ce, har gobe kuwa mutane suna cin shinkafar da ruwan nan ya shayar. Amma ku dubi yadda aka bi. Dubban mutane na ƙasar Maradun ruwa ya ci gidajensu da fadamunsu, aka tsugunar da su a kan tudu mara albarka. A ƙasa da madatsar kuwa katafila ta shiga gonaki domin a daidaita ƙasa a haƙa magudanai, wani wurin har da amfanin gona a tsaye. Ta tuge kuka da tsamiya da ɗorawa, ta share gamba da suri da kwari.

To, ina iyakar gonar Bazamfare ta ke? Ba a takarda ta ke ba. A jikin tsamiyar nan ta ke, da layin gamban nan, da cikin kan dattawan da suka san cewa daga kukar nan zuwa surin can na gidan wane ne. Ran da katafila ta wuce, ran nan aka share littafin ƙasa duka. Da aka zo mayar wa ko wa gonarsa sai rikici ya tashi, wani ya yi damina biyu ko uku bai shuka ba, wani aka ba shi abin da bai kai nasa ba, wani sunansa bai fito ba sam, mai aro da mai jingina da mai gado suka cakuɗe, diyya kuma ta yi ta jinkiri. Manoma suka kai kuka, da suka gaji suka tare hanyoyi suka tsai da aiki. Cikin watan Afrilu 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka buɗe wuta, aka ƙone gidaje, aka rasa rayuka. Adadin da hukuma ta faɗa da wanda mutanen ƙauyuka suka faɗa ba su zo ɗaya ba har yau, na hukuma kaɗan, na mutane ɗaruruwa. Ko matattun ma ba a sami rubutun da ko wa ya yarda da shi a kansu ba. Waɗanda ke can ƙasa da gulbi kuma, da ambaliyar da suka dogara gare ta ta ragu, shinkafarsu da kifinsu suka ragu, su kuwa ba su cikin lissafin diyya tun farko.

Ban ce rubutu kaɗai zai hana abin da ya faru ba, gama akwai gaggawa, akwai rashin shawara da masu ƙasa, akwai son zuciya. Amma mutumin da ya zo gaban hukuma da takarda mai suna da iyaka da shaidu, ba daidai ya ke da wanda ya zo yana nuna inda tsamiya ta ke a da ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Kada wani ya ce wannan labarin da ne. Juyi bai ƙare ba. Gari na cin gona, ana fitar da hanyoyi, ana haƙar zinariya, rashin zaman lafiya na shekarun nan kuma ya tashi ƙauyuka da yawa a ƙasar nan, gonakinsu sun koma daji. In Allah ya kawo sauƙi mutane za su koma, za su iske gamba ta haɗe, dattijon da ya san iyaka ya rasu a gudun hijira, marayu sun girma ba su san gonar ubansu ba. Ranar nan gabanmu za su zo, da dagaci da hakimi da alkali. Da rarrafe yaro kan tashi, sabo da haka ga abin da ni ke roƙo mu fara tun yanzu.

Na fari, ko wane mai unguwa da dagaci ya sa a rubuta gonakin ƙasarsa, ko da mutanensa suna zaune a wani gari ne yanzu, tun dattawa na da rai. A rubuta sunan mai gona da na ubansa, da maƙwabtansa na gabas da yamma da kudu da arewa. Itace a kan sare shi, amma maƙwabta huɗu da wuya su ɓace gaba ɗaya.

Na biyu, a bayyana ta wace hanya gonar ta zo hannunsa, gado ne, ko saye, ko kyauta, ko aro, ko jingina, ko haya. Yawancin shari'ar gona da ke zuwa ɗakin shari'a daga nan ta ke tasowa, aro ya daɗe ya zama kamar gado, jingina ta manta da mai ita.

Na uku, in an raba gado a rubuta rabon mata da na marayu da sunayensu, kada a ce suna ƙarƙashin wansu. Wanda ba a ambaci sunansa ba shi a ke fara mantawa ran biyan diyya.

Na huɗu, a rubuta abin da ba na mutum ɗaya ba: burtali, da mashaya, da makiyaya, da maƙabarta, da filin idi, da tafkin masunta. Abin da ke na ko wa shi ne ba shi da mai kare shi, toshe burtali kuwa kun san abin da ya haifar.

Na biyar, ko wace takarda ta ɗauki ranar wata da sunan wuri da sunayen shaidu, a karanta wa masu ita da babbar murya cikin harshen da su ke ji kafin su sa hannu. A yi kwafi biyu a ajiye wuri biyu, gama gara da wuta da ɗigon ruwa ba su san hatimi ba. Yau ko wane yaro na da na'urar ɗaukar hoto a aljihunsa, abin da Bart bai samu ba. A yi amfani da ita, amma hoton da babu suna babu ranar wata ba shaida ba ne.

Na shida, tsofaffin littattafan En'e da suka rage a hannunmu, na shari'a da na haraji da na jangali, kada a bar su a zaure ɓera na ci. Tun da aka karɓe ɗakunan shari'a daga hannun En'e cikin 1968, aka kuma kafa ƙananan hukumomi cikin 1976, takardu da yawa sun rasa mai kula da su. Waɗanda suka tsira suna ma'ajiyar takardun tarihi ta Kaduna, da Gidan Arewa, da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, masu bincike kuwa suna cin moriyarsu har yau. Namu ma su sami wurin da ya dace da su.

Na san wani dattijo zai ce, ai takarda ita ce makamin mai ƙarfi, da ita a ke ƙwace gonar wanda bai iya karatu ba. Gaskiya ne, an yi haka, ana kuwa yi. Amma maganin takardar ƙarya ba rashin takarda ba ne, takardar gaskiya ce wadda ta riga ta. Malamai sun san cewa ayar da ta fi ko wace tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta kuma ɗora wa marubuci yin adalci, ta hana shi ƙin rubutawa. Ashe alƙalamin magatakarda amana ce tun kafin a san En'e. Dattawan da mu ke tunawa yau, da malamin haraji mai yawo bisa doki, da magatakardan alkali mai rubutu gaban fitilar ƙwai, ba gini suka bar mana ba, layuka suka bari cikin littafi. Wanda ya rubuta gaskiya a cikinsu, har yanzu marayu na cin albarkacinsa ba su san sunansa ba. Wanda ya karkata alƙalami kuwa, jikokin mutane na ta shari'a a kan abin da ya ɓata.

Baƙo mai zazzaɓi, wanda ba shi da gona ko ɗaya a ƙasar nan, ya ɗauki wahalar hawa dutse ya rubuta garin waɗansu, har ya sa ranar wata. Mu da ƙasar ta ke tamu, mu ke kuma cin albashi domin wannan aiki, ba mu da hanzari.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya gafarta musu kurakuransu, ya jiƙan waɗanda suka rasu a Bakolori, ya mai da waɗanda suka bar gidajensu lafiya. Allah ya zaunar da ƙasarmu, ya taimaki Sarakunanmu bisa gaskiya, ya tsare hannuwanmu daga rubuta abin da za mu ji kunyarsa ranar da za a buɗe littattafai. Amin.